Ranar Da Ƙugiyoyinmu Suka Ɓace



Kwanakin baya mun kammala kundin gajerun labaran ƙungiyarmu, muka mayar da shi PDF, muka goge na asali saboda waya ta cika. Da makaranta suka koka cewa rubutun ya yi ƙanƙanta, sai muka juya shi zuwa EPUB da wata manhaja. Muna buɗewa muka tarar da akwatuna a gurbin ƙ, ɗ da ɓ, jimloli duk sun kakkarye. A wani shafin ma "ƙasa" ta koma "asa". Sai da muka kwashe mako guda muna bin harafi ɗaya-ɗaya.

Laifinmu ne. PDF shafi ne da aka riga aka daskarar, shi kuwa EPUB rubutunsa yana bin faɗin fuskar waya. Yanzu daga DOCX muke juyawa, da Calibre, wadda kyauta ce a kwamfuta. Kafin mu raba, sai mun gwada a wayoyi biyu, mun duba ƙugiyoyin.

Don Allah ku adana na asali a wuri biyu. Gumin wata shida bai kamata ya kwana a waya ɗaya ba.