Dajin da Hannu Ya Shuka: Yadda Nake Tsara Tafiya Kudu da Bordo



Yawancinmu in mun tashi tafiya tambaya guda muke yi: ƙarfe nawa za a isa? Ba laifinmu ba ne. Wanda ya saba shiga bis da asuba a Yamai ya sauka Damagaram cikin dare, ƙugu ya ƙage, hanya a wurinsa wahala ce da ake fatan ta ƙare. Amma akwai tafiyar da hanyar ita ce abin da aka fito kallo, kuma ita ma tana da nata shiri. A shekarun zamana a Bordo, kudu maso yammacin Faransa, in baƙi sun zo daga gida, ɗalibai ko masu zuwa taro, nakan yi hayar mota in zaga da su dajin Landes. Yau tsarin da nake bi zan ba ku, da dalilin kowane zango. Sunayen ƙananan garuruwan na bar su yadda za ku gan su a allunan hanya.

Bari mu fara da itacen. Faransawa na rubuta sunansa pin, a bakinmu ya zama pen. Dogo ne sambal kamar poton kuran, yakan kai mita 20 zuwa 30, ganyensa sirara kamar allura, kore shar rani da sanyi. In an tsaga ɓawonsa sai ya tsatso da wani irin ƙaro mai ƙamshi. Dajin Landes kusan duka shi ne, wajen hekta miliyan ɗaya, tun daga bakin Bordo har kusa da Bayonne, teku tana yamma da shi. Abin da baƙo ba ya ganewa da ido shi ne, mafi yawan dajin nan mutane suka shuka shi. Shekara 200 baya wurin fili ne fetal na rairayi da fadama, ruwa ya kwanta lokacin sanyi, ga sauro ga zazzaɓi. Makiyaya kan bi tumaki bisa dogayen sanduna ɗaure a ƙafa, don su hango garke daga nesa kuma kar su nutse cikin taɓo. A 1857 Sarki Napoleon na Uku ya kafa dokar da ta tilasta wa hukumomin ƙauyuka su janye ruwan su shuka pen.

Shawara ta farko a shirin, in ka bar Bordo kar ka ba GPS wuƙa da nama. In ka tambaye shi hanyar kudu, kai tsaye zai ɗora ka kan otorut A63 mai zuwa Sipaniya. Kwalta ce mai kyau, amma akwai peyaji a tsakiyar dajin, manyan kamyo sun cika ta, kuma daga cikinta daji koren bango ne kawai dama da hagu, awa biyu ba abin da ya sauya sai barci da ke sallama. Ni zobe nake zanawa a taswira, na kusan kilomita 300, wato ya ɗan ɗara Maradi zuwa Damagaram. A bi ta bakin teku a gangara kudu, a dawo ta tsakiyar daji. Rana guda za ta iya cinye shi, amma kwana biyu nake ba shi, uku in akwai hali. Ƙa'idata, kar tuƙi ya wuce awa guda ba a tsaya an taka ƙasa ba.

Zangon farko tudun rairayin Pilat, wajen kilomita 65 daga Bordo, ta tsohuwar hanyar Arcachon mai ratsa Marcheprime da Biganos. Ya haura mita 100, babu tudun rairayin da ya kai shi tsawo a duk Turai. A hau da safe kafin jama'a su cika. Daga ƙololuwa, gefe guda teku, gefe guda daji har iyakar ganinka, kuma a gindin tudun za ka ga itatuwan da rairayi ya binne har wuya, don kowace shekara yana matsowa cikin daji da ƴan mitoci. Da gangan nake fara tafiyar daga nan: wanda bai ga abokin gabar ba, ba zai gane yaƙin da aka yi ba. Tun ƙarshen ƙarni na 18 wani injiniya mai suna Brémontier ya jagoranci aikin tsayar da tuddan bakin tekun nan. Ana kafa shinge ya tare iska, a watsa irin pen haɗe da na ƙananan tsirrai, a rufe da rassa kar iska ta kwashe. Na taɓa kai wani ɗan Gure, ina cikin bayani ya katse ni da dariya, ya ce ai wannan aikin shi ne suke yi a gida don kar rairayi ya cinye musu kwarin dabino.

Daga Pilat a ɗauki hanyar D218 zuwa Biscarrosse. Nan fira kan ragu cikin mota. A watan Yulin 2022 gobara ta tashi a dajin La Teste-de-Buch da ke gefen tudun, wata kuma a Landiras can ciki, su biyun suka cinye sama da hekta dubu 20 cikin watan, har da sansanonin ƴan hutu da ke gindin Pilat. Tabon yana nan a bakin hanya. Tsofaffin yankin kuma ba su manta da ta Agustan 1949 ba, wadda ta kashe mutum 82. Pen ƙaro ne a jikinsa, busasshen ganyensa shimfiɗe a ƙasa, tartsatsi guda ya isa. Saboda haka duba sanarwar prefe kan haɗarin gobara yana cikin shirin tafiya, don in zafi ya tsananta akan hana shiga hanyoyin cikin daji. Masu shan taba su yi haƙuri. Mu kuma masu shayi, wallahi a bar gawayi da murhu a gida, a dafa tun safe a zuba cikin termos. In ka hango hayaƙi, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ko 112.

Bayan nan sai jerin tafkuna da ƙananan garuruwansu. A Biscarrosse akwai gidan tarihin jiragen sama masu sauka kan ruwa, don daga tafkin nan irinsu suka riƙa tashi tun shekarun 1930. A Parentis-en-Born an gano man fetur a 1954, har yau ana haƙo shi, wasu rijiyoyin a tsakiyar tafkin suke. Kafin ka shiga Mimizan hancinka zai gaya maka akwai masana'antar takarda, inda itacen pen ke komawa takardar buhu da ta ƙunshi. A Mimizan nake son kwana. Gargaɗi guda ga ƴan Sahel irinmu da ba mu tashi da iyo ba: tekun nan tana da igiyar ruwa mai jan mutum ciki ko a wurin da ya yi kamar lafau. Mai son jiƙa ƙafa ya tsaya tsakanin tutocin masu ceto, ko ya nufi tafki. Batun masauki kuma, Yuli da Agusta duk Faransa hutu take, ɗaki tsada, hanya cunkoso. Mayu, Yuni da Satumba sun fi daɗi da sauƙin aljihu.

Guzuri ma sai an yi masa tunani tun Bordo. Abincin yankin agwagwa ce da naman alade, mahaucin halal kuwa sai manyan garuruwa. Nakan biya unguwar Saint-Michel ko kasuwar Capucins in yi sayayya kafin a tashi, a hanya kuma kifi da burodi da cuku sun wadatar. A ƙauyuka kantuna da yawa kan rufe da tsakar rana, gidajen abinci kan daina karɓar mutane wajen ƙarfe biyu, ranar Lahadi da yamma kuwa gari tsit. Gidan esansi na dare sai da katin banki, don haka in tanki ya kai rabi a cika. A riƙe darduma da gorar ruwan alwala a but, a kuma tuna cewa a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma saura.

Rana ta biyu a juya wa teku baya, a shiga D44 ta Escource da Solférino zuwa Sabres. Hanya ce miƙaƙƙiya kamar an ja zare, itatuwa sahu-sahu kamar masallata. Miƙewar nan ke ruɗin direba ya taka wuta. Gudun da aka yarda a irin waɗannan hanyoyi 80 ne, wani wuri 90, cikin gari 50, kuma kamyon gungume na iya ɓullowa daga hanyar daji ba sallama. Da magariba barewa da aladen daji kan tsallaka, shi ya sa ba na sa tuƙin dare cikin tsarin. Solférino ƙauye ne da Napoleon na Uku ya kafa a filin da ya saya, don ya nuna yadda za a mai da fadama gona da daji. Gidajen manomansa na nan jere iri guda, mintoci kaɗan sun isa ka zaga.

Sabres ita ce zuciyar tafiyar. Daga tasharta ake shiga wani tsohon jirgin ƙasa, tafiyar kamar minti goma, zuwa Marquèze, unguwar da aka adana yadda mutanen yankin suka rayu a ƙarni na 19. Mota ba ta zuwa, kuma lokacin sanyi a rufe take, sai a duba ranakun buɗewa kafin a taso. Akwai gidajen katako ƙarƙashin manyan itatuwa, da injin niƙa na ruwa, da tandun burodi, da garken tumaki. A nan ake bayyana maka cewa tumakin nan, kafin nama da gashi, taki ake nema da su, don rairayin ba ya ba da hatsi sai da shi. Duk Bahaushen da ya taɓa roƙon Bafulatani ya sauka da shanu a gonarsa bayan girbi ya san wannan lissafin.

To a nan ne kyawun dajin ke zuwa da tambaya. Filayen da aka shuka pen, makiyayar jama'a ce ta gado. Da doka ta zo aka sayar da da yawa ga masu kuɗi, tumaki suka rasa wurin kiwo, gonaki suka rasa taki. Wasu makiyayan har wuta suka riƙa cinna wa sabbin dashe don baƙin ciki. Jikokinsu suka koma masu tsagar ƙaro a dajin wasu, sana'ar da ita ma ta mutu wajen 1990. Wani ɗan Labouheyre, garin da ke ƴar tazara arewa da hanyar nan, Félix Arnaudin, wanda ya rayu daga 1844 zuwa 1921, ya ƙare rayuwarsa yana yawo da keke yana ɗaukar hotunan filayen da makiyayansu kafin daji ya rufe su. Hotunansa ne shaidar abin da aka rasa. Har gobe mafi yawan dajin nan na masu zaman kansu ne, gona ce ta katako da ake sarewa bayan shekara 40 ko 50 a sake shukawa.

Komawa Bordo ta Pissos ne, da Moustey mai coci biyu kafaɗa da kafaɗa, da Belin-Béliet, kusa da kogin Leyre inda ake hayar ƙananan kwale-kwale. A hanyar za ka lura wani yankin itatuwan manya ne, wani kuma duk matasa sa'o'in juna. Guguwar Klaus ta Janairun 2009 ta kwantar da daji mai yawa cikin dare guda, aka sake dashe. Itace iri guda, tsara guda: in iska ko wuta ko ƙwaro ya samu ɗaya, ya samu dubu.

A wannan zangon na ƙarshe tunanina kan koma gida. Mutanen Landes sun tsayar da rairayi, abin a jinjina musu ne, amma makiyayi ne ya biya kuɗin. Manoman Maradi da Damagaram, tun shekarun 1980, sun bi wata hanyar: barin tohon kututture ya girma cikin gona, a sassabe shi a raine shi. Gawo na tsaye, hatsi na ƙarƙashinsa, bisashe na cin ƴaƴansa da rani. Ba mu da daji mai duhu irin nasu, amma wanda ya bi kwalta daga Tasawa zuwa Damagaram, ko ya gangara Matamai da Magarya, in ya rage gudu ya duba gonaki, zai ga itatuwan da hannu ya raina su ma. Wannan hanyar ita ma ta cancanci a zana mata zango-zango, a tsaya kasuwannin ƙauye, a tambayi tsofaffi yadda wurin yake bayan farin 1984.

Wanda Allah ya kai shi Bordo, ya ware kwana biyu ya yi zoben nan. Wanda ya san wata hanya a gida da ta dace a tsara mata irin wannan tafiya, ya faɗa mana zangonta mu ƙaru. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.