Wakili Da Ɗan Aike Marar Suna

A cikin darussan da nake koya wa ɗalibaina a ajin kwamfuta na yamma, babu mai ɗaure musu kai kamar batun wakili a harshen C#. Kamfanin Microsoft ne ya fito da wannan harshe a 2002, a ƙarƙashin jagorancin Anders Hejlsberg, mutumin ƙasar Denmark.

Abin da masana ke kira delegate, ni wakili nake ce masa. Shi dai yana riƙe da adireshin wani aiki ne, ya isar da kira gare shi idan lokaci ya yi. Sai dai ba kowane aiki yake wakilta ba. Dole irin bayanin da aikin ke karɓa da irin amsar da yake mayarwa su dace da nasa, in ba haka ba shirin ba zai tashi ba.

A ce kana son jera sunayen ɗalibai bisa makinsu. Na'ura ta iya jerawa, amma sai ka ba ta wakilin da zai gaya mata wa ke gaban wa. Da can, tilas ka rubuta wannan ɗan aiki daban, ka raɗa masa suna. A 2005, C# 2.0 ya ba da damar rubuta shi nan take ba suna. A 2007 kuma C# 3.0 ya zo da lambda, wadda ta ƙara gajarta shi.

To, sauƙin nan ne ke ruɗin yara. Idan ka ɗaura aiki marar suna a kan maɓalli, ba ka ajiye shi a ma'aji ba, ran da kake son cire shi ba ka da abin kamawa. Haka kuma ma'ajin lamba yake riƙewa, ba lambar da ke ciki a lokacin ba. Ka ƙirƙiri wakilai uku a zagayen for mai ƙirga 0, 1, 2, ka kira su bayan an gama, dukkansu 3 za su ce.

Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina, gajeren saƙo na sau ɗaya a ba marar suna, amma aikin da za a sake nema a yi masa suna. 'Yan'uwana malamai, kada mu bar yaranmu suna kwafar abin da ba su gane ba. Wanda bai san wa ya aika ba, wa zai tuhuma in saƙo ya ɓata?

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.