Sawakin da Bur Sudan: abin da na gani a ƙofar Sudan

Kakana, Allah ya jiƙansa, da ƙafa ya baro ƙasar Katsina da niyyar aikin Hajji. A hanya yakan tsaya ya yi noma ko ƙwadago, in guzuri ya taru ya ƙara gaba. Da ya sauke farali bai koma gida ba, sai ya zauna a Gadarif, inda aka haife mu. Garin da ya fi ambata a hirarsa shi ne Sawakin, inda ya fara ganin teku. Saboda haka ranar da kawuna ya ce in raka lodin riɗinsa zuwa Bur Sudan, ban tsaya jiran ya maimaita ba.

Daga Gadarif mun bi ta Kasala, muka miƙa har Hayya, mahaɗar hanyarmu da wadda ta fito daga Atbara. Tun kafin nan ƙasa ta sake kama: ba gonaki, sai dutse da ƙaya da raƙuma. Wannan ita ce Jihar Bahar Maliya, wadda ta yi iyaka da Masar daga arewa, da Eritiriya daga kudu, gabas kuma teku ne. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 200,000, amma akasarinta hamada ce da tsaunuka. Masu ƙasar su ne Bija, makiyayan raƙuma da awaki, waɗanda suka haɗa da Hadandawa da Amarar da Bishariyin. Ko'ina ka yada zango za a kawo maka jabana, gahawarsu mai citta, a 'yan ƙananan kofuna.

Bayan garin Sinkat hanya ta fara gangara tsakanin duwatsu, direbanmu ya daina hira ya kama salati. Muna sauka sai iska mai ɗumi da ƙanshin gishiri ta doke mu. Ga Sawakin.

Gaskiya jikina ya yi sanyi. Tsohon garin wani ɗan tsibiri ne, gidajensa an gina su da dutsen da ake sarowa daga cikin teku, amma yawancinsu sun zube, sai tsibin farin dutse da kyanwoyi. Ɗaruruwan shekaru nan ce babbar tashar wannan gaɓa. Turkawan Daular Usmaniyya sun riƙe ta tun ƙarni na 16, fatake na kawo kaya daga Hijaz da Indiya, alhazan ƙasashenmu kuma daga nan suke tsallakawa Jidda. A kewayenta ne Usman Digna, kwamandan Mahadi, ya gwabza da sojojin Masar da na Ingila a shekarun 1880.

Ba yaƙi ne ya kashe Sawakin ba. Mashigar tashar ƙunci gare ta, ga duwatsun cikin ruwa, manyan jiragen zamani ba sa iya shiga yadda ya kamata. A 1905 Turawan mulki suka fara gina sabuwar tasha wajen kilomita 60 a arewa, suka sa mata suna Bur Sudan, layin dogo daga Atbara ya isa bakin teku. Attajirai suka bi jirage, gidajen da ba mai gyara su suka fara zubewa. Yanzu abin da ya rage wa Sawakin shi ne tashar Usman Digna, inda ake ɗaukar fasinjoji zuwa Jidda da tumakin da ake kai wa Saudiyya.

Bur Sudan kuwa kusan duk abin da ƙasar ke sayarwa waje ta nan yake fita: riɗi, ƙaro, gyaɗa, auduga, zoɓo. Alkama da sukari da magani ta nan suke shigowa. Tun 1999 bututun mai ya iso tashar Basha'ir da ke kudu da birnin, kuma man Sudan ta Kudu ma ta nan yake bi. A cikin tsaunuka ana haƙar zinariya, a bakin gaɓa ana shanya gishiri, a Tokar kuma, inda kogin Baraka ke malala, an daɗe ana noman auduga da dawa.

Sai dai birnin da ke kallon teku ƙishirwa yake kwana da ita. A gidan 'yan'uwanmu Hausawa da na sauka, da asuba ake jiran mai amalanken jaki ya kawo ruwa. Da na ɗebi bokiti biyu zan yi wanka, matar gidan ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, a garin nan ruwa kuɗi ne, ɗaya ya ishe ka." Ruwan sama ma ba da damina yake zuwa musu ba, sai da sanyi, shi ma kaɗan. Madogarar birnin a da ita ce madatsar Arba'at, wadda ambaliya ta fasa a watan Agustan 2024.

Riɗinmu ya yi kwanaki a sito muna jiran takardu da jirgi, kullum kuɗin ajiya na cin ribar. A lokacin ne kawu ya ce mini, "Ka ga wahalar ƙofa ɗaya ke nan. In ta cushe, kowa a waje zai kwana." Ban gane nauyin maganar ba sai da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Gwamnati ta tattaro ta dawo Bur Sudan, masu gudun hijira suka cika gari, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari kan rumbunan mai da filin jirgin sama, a birnin da kowa ke ganin can ne tudun mun tsira.

Na rubuta wannan ne domin ƙanena da ke Anjamena ya bugo mini waya kwanan baya, wai zai sayar da shagonsa ya zuba jarinsa duka a harkar tumaki ta Sawakin, don ya ji ana samu. Ana samu, ban musa ba. Amma na tuna masa jirgin da ya nutse a tashar a watan Yunin 2022 da tumaki sama da 15,000 a cikinsa. Na ce ya riƙe shagon, ya gwada da kashi ɗaya cikin uku, ya sami amintaccen mai fitar da kaya, ya kuma sa kuɗin ruwa da abincin dabbobi na kwanakin jira a lissafi tun kafin mota ta tashi.

Ya ce zai zo ya gani da idonsa bayan Sallah. Na ce madalla, amma kafin mu shiga Bur Sudan sai mun tsaya a tsibirin Sawakin, ya taka cikin kangayen attajiran da suka ɗauka jirage ba za su taɓa sake tasha ba. Daga nan sai mu yi maganar nawa zai zuba.