Kwallin kaka: mu yi ado, mu tsare ido



Daga watan Oktoba zuwa Disamba mace ba ta da zama. Ga roron wake, ga cirar gujiya, ga sussukar hatsi da shiƙa, ƙaiƙayi na tashi yana shiga ido da wuya. Kuma a daidai lokacin ne kuɗi ke shigowa gari, sai bukukuwa su taso: yau ɗaurin aure, gobe suna, jibi kai amarya. Da safe kina cikin ƙura, da la'asar ana so ki fito tsaf. Kafin ki ankara iskar hunturu ta sauko da hazonta, fata ta bushe, ido ya yi ja. Shi ya sa na ga ya dace mu yi maganar kwalli, don adon da ya fi kowane arha ne, kuma shi ya fi kusa da abin da ba a saye a kasuwa, wato ido.

Ni dai mai son kwalli ce. Na haura shekara arba'in, kuma ba na jin na gama shiri in ban sa ba. Kwalliyata ta kullum ba ta kai tafasar ruwan shayi daɗewa ba. Ina bari sai na ƙare aikin ƙura, don in kika sa kwalli kafin shiƙa, ƙaiƙayi zai manne masa, ki murza ido, ki tura komi ciki. In na ƙare sai in wanke hannu da sabuni, in wanke fuska, in bari ta sha iska. In ɗan laƙato man kaɗe, kamar ƙwayar dawa, in shafa ƙarƙashin ido da bisa gira, ba cikin ido ba. Sannan in ja layi ɗaya siriri a gindin gashin ido na sama, daga wajen hanci zuwa gefe, ta waje. Na ƙasa rabi kawai nake ja, daga tsakiya zuwa gefe, in ɗan goga da ƙaramin yatsa ya yi laushi. Gira kuma bin ta nake da jagira a hankali inda gashi ya yi ƙaranci, ba na aske ta in zana sabuwa. Shi ke nan. Da dare kafin in kwanta sai in goge da ɗan mai da tsumma mai tsabta, in wanke. A kaka layi siriri ya fi, don rana tana da zafi har yanzu, mai kauri zufa ke narkar da shi ya gangaro.

To, ga inda maganar take da nauyi. Dutsen kwallin da muka gada, mai walƙiya kamar azurfa, mai nauyi a hannu, wanda in an fasa shi yake rabewa gida-gida kamar sukarin kwali, mafi yawansa dutsen dalma ne. A cikin kashi 100 na irin wannan dutse, fiye da 80 dalma ce. Dalma kuwa guba ce. Mun ji abin da ya faru a Zamfara, maƙwabtanmu, a shekarar 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Su ba kwalli ya jawo musu ba, ƙurar duwatsun zinariya ce da ake niƙawa cikin gidaje, amma gubar ita ce dai wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan kaɗan na dalma da za a ce ba ya cutar da yaro. A Amurka ma an hana shigar da irin wannan kwalli don sayarwa.

Yadda take shiga jikin jinjiri ba wuya. An sa masa kwalli, ya murza ido, ya kai hannu baki, ya haɗiye. Hawaye ma ta wata ƴar hanya suke sauka cikin hanci zuwa maƙoshi. Ba za ki ga komi ran nan ba, ba zazzaɓi, ba kuka. A hankali take taruwa, ta rage jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa, sai yaro ya shiga makaranta a ce ba ya riƙe karatu. Mai ciki ma in dalma ta shiga jininta tana isa ga abin da ke cikinta.

Na san abin da kakanni za su ce: "Mu da shi aka raine mu, me ya same mu?" Na san kuma wasu za su ce kwalli sunna ne. Ba na musu. Amma ismidin da malamai ke ambata dutse ne daban, sai dai kama da suka yi a ido, kuma mai tallar kansa bai da hanyar rabe su. Iyayenmu da ƙauna suka yi, da sanin da ke gare su. Mu da sani ya iso mana, ba mu da hujja. Jikokina ba a sa musu, kuma idonsu tar. In surukarki ta matsa, kada ki yi gardama da ita gaban mutane. Ki ja ta ku tafi awo tare, ta ji daga bakin ungozomar likita.

Abu na biyu shi ne aro. A ɗakin amarya tandu ɗaya da tsinke ɗaya sai su zagaya mata goma. Zumunci ne, amma ta nan ciwon ido ke yawo. Apolo, wanda ya samu sunansa tun annobar 1969 a Gana, shekarar da kumbon Apollo ya kai mutum duniyar wata, ta hannu da tsumma da irin wannan tsinke yake ƙetarawa. Haka amodari, wanda ya daɗe yana wahalar da jihohin Maradi da Damagaram, mai juya gashin ido ciki har ya makantar, ta kwantsa yake yaɗuwa. Kowa ta riƙe nata a jaka. Kada ki jiƙa tsinke da yawu. In idonki ya yi ja yana kwantsa, ki ajiye kwalliya, ki jefar da abin da kika taɓa idon da shi, ki nufi likita. Maganin ɗigawa na masu yawo da tire, wani yana kwantar da ja amma ya ɓata ido.

Fensirin ido na kanti ma ba duka ne lafiyayye ba; wanda ba rubutu, ba sunan masu yi, ki bar shi. A nan karatun yaƙi da jahilci ke mana rana. Ki duba ko an jera abubuwan da ke ciki. Kalmar Faransanci ta dalma ita ce "plomb". In kin ga hoton ɗan gwangwani buɗe da 6M ko 12M, watanni ke nan da zai yi bayan an buɗe. Ki riƙa fiƙe bakinsa, ki rufe, kada ki bar shi a rana.

Ku da kuke ɗaukar bashin asusu don sarin kayan kwalliya a wannan kaka, amanar idon maƙwabta tana hannunku. Ribar dala biyu ba ta kai idon ɗiyar wata ba, kuma kuɗin jinyar ido ɗaya ya fi zubin makonni da yawa. A zaman zubi mai zuwa kowa ta zo da tandunta da fensirinta, mu shimfiɗa bisa tabarma, masu karatu su karanta wa sauran, mu ware na riƙewa da na zubarwa.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya bar mu da idanunmu.