Lamba uku a jikin buhu

Wani manomi na karkarar Agye ya daɗe yana cewa takin zamani duk ɗaya ne. Wata shekara ya saida akuya biyu, ya sawo buhun farin taki, watau ure, a kasuwar Gazawa. Ya watsa shi tun ran shibka. Hatsinsa bai yi saiwar kirki ba, kuɗin awaki suka bi iska.

Da rani ya shiga makarantar yaƙi da jahilci. Da idonsa ya buɗe, sai ya lura buhun taki yana da lamba uku. Ta farko abincin ganye ce, ta biyu fosfat ce mai gina saiwa, ta uku fotas ce. Ure 46-0-0 ne, babu fosfat ko kaɗan. Takin DAP kuwa 18-46-0 ne. Ashe 46 ɗin ba wuri ɗaya ta zauna ba!

Fosfat daga dutse ake samun shi, irin wanda ke akwai a ƙasar Tawa. Shi ne kuma ke cikin ƙashin mutum da na dabba. Dutsen ba ya narkewa da sauri. A masana'anta ake narka shi da ruwan asid, a gama da amoniya, ya zama wani irin gishiri mai narkewa cikin ruwa. Shi ne DAP. Amma ba gishirin lasa ba ne, a ɓoye shi ga bisashe da yara.

Jigawa, daga Gazawa har Gidan Rumji, tana da yunwar fosfat. Shi kuma ba ya tafiya nesa cikin ƙasa, sai an kai shi kusa da saiwa. Don haka masu binciken noma na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, suka gwada dubarar ɗan taki a rami: giram 2, abin da yatsa uku suka ɗauka. Eka mai rami 10.000 kilo 20 za ta ci. Buhu mai kilo 50 ya ishi eka biyu da rabi.

Mutumin ya jira ruwa ya jiƙa ƙasa sosai. Ya sa takin gefen iri, don kada ya ƙona shi. Bai bar takin gida ba. Da kaka, rumbunsa ya ba da shaida.

Yanzu ba ya biyan kuɗi sai ya karanta buhu. Allah ya ba da damana mai albarka.