Kwana Biyu a Kan Dutsen Manenguba

Jama'a, da yawa daga cikinmu a Duwala aka haife mu, wasu ma a nan aka haifi kakanninsu. Amma a tambaye mu ƙasar Kamaru, iyakar saninmu hanyar kasuwa da ta tasha. Wannan ne ya sa mu malaman makaranta guda biyar muka yi shawara a hutun Disamba mu je mu kwana biyu a bakin tafkunan Dutsen Manenguba.

Da muka faɗi niyyarmu a unguwa, wani dattijo ya ce, "Malam, kun manta da Nyos ne?" Tsoronsa yana da tushe. A daren 21 ga Agusta 1986, iska mai shaƙe numfashi ta taso daga ƙarƙashin tafkin Nyos, ta halaka mutane fiye da 1,700 da dabbobi dubbai. Muka ce masa, "Baba, tafkunan da aka san suna tara wannan iska a ƙasarmu biyu ne, Nyos da Monun, inda mutum 37 suka rasu a 1984. Na Manenguba ba sa cikinsu." Ya yi mana addu'a, muka kama hanya.

Bayan sallar asuba muka shiga mota. Muka ratsa Mbanga, da Penja mai gonakin ayaba da masoro, muka isa Nkongsamba, tafiyar wajen kilomita 140. Garin nan kofi ne ya raya shi a da. Daga can sai Melon, sai ƙauyen Mburuku, inda muka sami ɗan jagora muka fara hawa da ƙafa. Wajen awa uku muna haki a tsakanin gonaki da ciyawa, mu da muka saba da tsayuwa gaban allo kawai.

Ƙololuwar dutsen ta kai mita 2,411. Ƙasa da ita kaɗan akwai wani makeken fili kamar kwano, wanda bakin dutse mai aman wuta ne da ya daɗe da yin sanyi. A cikinsa tafkuna biyu suke kwance kusa da juna. Babban, mai ruwa shuɗi, ana kiransa Tafkin Mace. Ana iya gangarawa bakinsa. Ƙaramin, mai ruwa kore, shi ne Tafkin Namiji, ganuwar dutse da itatuwa sun kewaye shi. Bakosi, mutanen wannan yanki, suna girmama shi, kuma suna cewa a kan dutsen nan kakansu Ngoe ya zauna. Ɗan jagora ya ce kada mu sauka can, ba mu kuwa sauka ba. Baƙon kirki ba ya buɗe ɗakin da mai gida ya rufe.

A cikin filin nan akwai rugagen Fulanin Bororo da shanunsu da dawakinsu. Muka yi sallama, aka amsa, aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono mai sanyi. Da magariba muka yi sahu ɗaya da su. Ruwan alwala kuwa sai da ya sa haƙoranmu kaɗawa, don sanyin wurin ba irin na Duwala ba ne. Wanda zai je ya riƙe bargo da rigar sanyi.

Washegari ba mu yi komai ba sai zama. Babu ƙarar babur, babu kuwwar yara, sai kukan shanu da gajimare yana ratsa mu yana wucewa. Ɗayanmu, wanda ya shekara ashirin yana koyar da labarin ƙasa, ya yi shiru can ya ce, "Ashe abin da nake zana wa yara da alli ke nan." Muka yi dariya, amma maganar ta taɓa mu duka.

Shawararmu ga iyaye da malamai ita ce mu riƙa fita da yaranmu su ga ƙasar da aka haife su. Yaron da bai san ƙasarsa ba, in aka kira shi baƙo ba shi da amsa. A bi ta Melon, a je da rani, a ɗauki ɗan jagora, a kuma kwaso shara a dawo da ita. Mu dai mun sa ranar komawa da 'yan aji shida, in Allah ya kai mu.