Layin da Ban Karanta Ba

Ina ND II, saura mako uku mu fara jarrabawa, dillalin da ya samo mana ɗaki ya yi sallama da takarda a hannunsa. Wai Alhaji mai gida ya yi ritaya daga aiki a Legas, zai dawo da iyalinsa, don haka mu tashi cikin wata ɗaya.

Dariya na yi. Na ce ai kuɗin shekara muka biya, wata bakwai kacal muka ci. Ya ce, "Malam, ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu." Na zaro ta daga ƙasan akwati. Can shafi na biyu, ga shi ɓaro-ɓaro: duk lokacin da mai gida ya buƙaci gidansa don ya zauna da kansa, notis ɗin wata ɗaya ya wadatar. Maganar mayar da ragowar kuɗi kuwa, ko kalma ɗaya babu. Wallahi ranar da na sa hannu, rijiya da mita kawai na duba.

Na kai wa wani yayana lauya takardar. Ya ce a dokar haya ta Legas ta 2011, da wadda ake aiki da ita a Abuja, mai hayar shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. Amma wannan sai in ba ku rubuta wani wa'adi a tsakaninku ba. Da kun rubuta, abin da kuka sa wa hannu shi ke aiki. Ya ƙara da cewa duk da haka mai gida ba shi da ikon ɓalle ƙofa ko watso kaya waje, sai ya bi ta kotu.

Ni dai ba ni da kuɗin shari'a, ba ni da lokacinta. Mai unguwa muka samu, ya zaunar da mu. Na durƙusa na ce, "Baba, gidanka ne, ba mu ja da kai ba. A bar mu mu gama jarrabawa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, ni ma ina da ɗa a makaranta." Ya ƙara mana mako biyu, ya mayar da kuɗin wata uku. Alfarma ce ya yi mana, ba haƙƙinmu ba, domin haƙƙin mun sarayar da shi da bironmu.

'Yan uwa masu neman ɗaki a waje saboda hostal ya cika, ku karanta kowane layi kafin ku biya. In kun ga sharaɗin dawowar mai gida, ku nemi a tsawaita notis ɗin, a kuma rubuta cewa za a mayar da kuɗin watannin da suka rage. Ku karɓi rasit, ku adana kwafin yarjejeniya. Ba kowane mai gida ne ke da ɗa a makaranta ba.